Mutuniyar Kawu

Jiya a wani shagon shayi a unguwar Al Sabkha na ji muryar Ba'amurkiyar nan ta tsofaffin fina-finai marasa kala, sai na ajiye kofin shayin.

Kawu ne ya kawo ni Dubai. Duk Juma'a yakan kunna fim ɗinta a ɗakinmu, turaren wuta na tashi. Da ta fara waƙa sai ya ce, "Yi shiru, ɗana, mutuniyar ta iso." Yakan ce duniya ta tafa mata, amma cikin kaɗaici ta tsufa, shi ya sa ni da shi kwano ɗaya muke ci, don kada mu zama kamarta.

Tun da ya rasu bara, ni da bango muke cin abinci. Allah Ya ɗebe wa Kawu kewa a kabarinsa, ni ma Ya ɗebe min tawa.