Ranar da na gyara wa Malam darasinsa

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a ina amarya a Ƙaura. Wata la'asar ina kishingiɗe da littafin soyayya, maigidana Malam yana bitar darasin kimiyyar da zai koyar gobe. Sai na ji ya ce aisotof shi ne atam ɗin da ya rasa ilektiron.

Bakina ya riga ni: "Malam, wannan ai ayon ne. Su aisotof furoton ɗinsu daidai yake, yawan niyutiron ne ya bambanta."

Ya duba littafinsa. Na zaci ya ji haushi.

Sai ya fashe da dariya. "Amarya, da gobe na sha kunya gaban ɗalibai! Ashe ba soyayya kaɗai ke kanki ba?"

A aji biyar na bar sakandare. Ranar na ce masa zan koma in ƙarasa.