Jar Igiya da Carbi

Wata shida Yayana ya yi yana haɗa jirgin ruwan nan a garejinsa da ke unguwar Abbey Wood. Ni na riƙe masa sifana ranar da ya ɗaura injin a baya, har ya ɗaga shi sama kaɗan, wai don ya ƙara gudu.

Akwai wata jar igiya da direba ke ɗaurawa a ƙafa. In ya faɗi, sai ta fizge daga makunni, injin ya mutu. Ranar gwaji daga masallacin Juma'a muke, Yaya na cikin doguwar riga. Ya ce igiyar tana harɗe masa riga, sai ya rataye ta jikin sitiyari tare da carbinsa.

Ni ko ban iya ruwa ba.

Muna cikin kogi, mun wuce unguwar Thamesmead yana ta ba jirgin wuta, sai wani ƙaton jirgin kaya ya turo mana igiyar ruwa. Hancin jirginmu ya tashi sama, Yaya ya wuntsila can baya a cikin jirgin. Sitiyari ba kowa, muna tunkarar katangar bakin kogi.

"Ja ta! Ja ta!" yake ihu.

Na rarrafa, na kai hannu na fizgo. Carbin ne. 'Ya'yansa suka watse. A karo na biyu na samu jar igiyar, injin ya yi tsit.

Yaya ya tattare riga ya kama ɗaura igiyar a ƙafa. Sau uku tana kuɓuce masa.