Masu Faɗi Wa Pyo Dal-su

Pyo Dal-su ya fara kokawa yana ɗan shekara goma sha ɗaya, a wata makarantar ƙauye a kudancin Koriya. Malamin wasanni ne ya ga faɗin kafaɗarsa, shi kuma ya ga 'yan kokawa ana zuba musu shinkafa kwano biyu da rana. Ubansa manomin tafarnuwa ne, bai hana ba.

Yana da shekara ashirin da huɗu ya ci gasar bikin gargajiya na shekara-shekara da ake kira Dano, ya koma gida da kofi mai siffar bijimi. Babbar gasar da ya taɓa ci ke nan, ba wata. Da ɗauka ya ci ta: ya damƙe ɗamarar abokin karawa, ya ɗaga shi zuwa cikinsa, ya juya ya maka shi a yashi. Tun daga ranar bai yarda akwai wani kaye da ya kai wannan ba.

Shekara goma sha ɗaya bayan haka yana nan a ƙungiyar kokawa ta gundumarmu, shi ne babba a cikin mutum tara. Kowa Yaya yake ce masa. Ƙanana ne ke wanke masa ɗamara, su baje masa yashi, ba mai taɓa abinci sai ya fara. Hannunsa kuma da saurin mari.

A cikin waɗanda suka san wannan hannu akwai Ok Jin-tae. Dal-su ya girme shi da shekara huɗu, kuma dā tare suke a ƙungiyar. Wata rana a wajen atisaye Jin-tae ya kayar da Dal-su sau biyu a jere a gaban jama'a. A karo na uku Dal-su ya ɗauke shi, bai sake shi a yashi ba, sai a kan katakon gefen fili. Gwiwar Jin-tae ta tafi. Aka rubuta tsautsayi ne. Jin-tae ya bar kokawa, ya je ya yi karatu, ya dawo bayan shekaru yana ɗingishi, ƙungiyar ta ɗauke shi mai ɗaukar bidiyo.

Tsarin da ya kawo ba wuya. A ɗauki atisaye, kowa ya kalli nasa. Bayan abincin rana a kwanta a tabarma, a rufe ido minti ashirin, mutum ya yi kokawar a zuci tun daga durƙuso da riƙon ɗamara har zuwa kaye. Da farko Dal-su ya ce barcin ragwaye ne. Da ya ga kansa a allo yana ɗaga mutane kamar buhun ƙaiƙayi, sai ya fi kowa so. Shekara biyu yana zaɓen hotunan atisayensa, yana kallo, yana rufe ido yana maimaitawa. A cikin kansa bai taɓa faɗuwa ba. A gasa kuwa, bakwai a jere bai wuce zagaye na biyu ba.

A farkon bazara Koci Seol, mai horar da su, ya kira shi ofis ya faɗa masa ba kwana-kwana: in bai shiga cikin takwas na ƙarshe a gasar Dano ba, gunduma ba za ta sabunta masa aiki ba. Dal-su bai iya komai ba sai kokawa, kuma gidan da yake zaune da iyalinsa na ƙungiya ne.

Saura mako uku a yi gasar, Dal-su ya shiga ɗakin bidiyo bai ƙwanƙwasa ba.

"Kai gurgu, kunna min na jiya. Wanda na ɗaga Bong-gu."

Bong-gu shi ne mafi nauyi a ƙananan, kilo ɗari da arba'in. Jin-tae ya kunna, amma ya rage gudun hoton har motsi ya zama kamar a cikin ruwa.

"Na ce ka kunna, ban ce ka yi min wasa ba."

"Yaya, ƙafarsa za ka duba, ba fuskarka ba."

Dal-su ya duba. Kafin hannunsa ya ja ɗamara, dugadugan Bong-gu sun riga sun bar yashi. Mutumin da kansa ya yi ɗage ya hau cikinsa. Jin-tae ya kawo wani hoton, da wani mutum dabam. Haka. Ya kawo na uku, haka.

"Yanzu dubi taka ƙafar," in ji Jin-tae. "Kafin ka ɗauka sai ka ja ta hagu baya kamar taki ɗaya. Duk ƙasar nan an san da wannan. A gasa, nan ake saka maka ƙafa ta ciki ka zube. Yaran nan ma suna gani. Kawar da kai suke yi."

"Ƙarya kake."

"Na'ura ce, Yaya. Ba ta san wane ne babba ba."

"Tun yaushe ka ga wannan?"

"Tun makon da na fara aiki."

Dal-su ya miƙe, kujera ta faɗi bayansa. "Shekara biyu kana kallona ina kwance ina rufe ido kamar gawa, ka yi shiru? Munafuki."

"Ni ƙarami ne. A ina aka taɓa jin ƙarami ya gyara wa babba kokawa? Na ƙarshen da ya gwada, ga yadda yake tafiya." Ya buga gwiwarsa da bayan biro. "Yau ma don Koci ya ce in nuna maka ne."

Dal-su ya fita fili ya kira Bong-gu. Suka durƙusa, suka kama ɗamara.

"In ka sake yi min ɗage sai na cire maka haƙori. Kayar da ni."

Bong-gu ya kalli Koci Seol. Kocin ya kalli agogonsa. Suka miƙe, Dal-su ya ja ƙafar hagu, Bong-gu ya zura tasa ta ciki, sai ga Yaya zaune a yashi. Ba wanda ya yi dariya. Bong-gu ya sunkuya yana ba da haƙuri.

"Haƙurin uban me? Sake."

Sau goma sha huɗu suka kama a ranar, ya faɗi sau goma sha biyu.

Daga nan ya koma ɗakin bidiyo kullum. Ba gaisuwa tsakaninsu. Jin-tae ya haɗa masa hotunan faɗuwarsa a gasa, ya ce ya riƙa ganin kansa yana ɗauka ƙafa na kafe. Dal-su ya kwanta ya rufe ido. Ya faɗa wa Koci daga baya cewa nan ne abin ya fi ba shi wuya: da ya fara, sai tsohon hoton ya dawo, ƙafa ta ja baya, abokin karawa ya taso sakayau, jama'a na tafi. Sai ya buɗe ido ya sake daga farko. Abin da ya shuka a kansa shekara biyu bai tumɓuku a mako uku ba.

A gasar ya ci zagaye biyu na farko da tura da nauyin jiki, bai gwada ɗauka ba. Zagaye na uku shi ne ƙofar shiga takwas, ya haɗu da Gil Man-ho, wanda ya taɓa kayar da Dal-su sau uku. Wanda ya yi kaye biyu a cikin uku shi ya ci.

A kamun farko ƙafar ta tsaya. Man-ho ya zura tasa inda ya saba, bai tarar da komai ba, Dal-su ya ɗauke shi ya juya. Rabonsa da irin wannan kaye a gasa shekara uku. A na biyu Man-ho ya ƙi matsowa, ya yi ta ja da shi har numfashin Dal-su ya ƙare, ya tura shi ƙasa. A na uku Dal-su ya gaji. Bidiyon yana nan, daƙiƙa tara ne. A ta bakwai ƙafar hagu ta ja baya taki ɗaya.

Dal-su ya tashi daga ƙasa, ya karkaɗe yashi, ya rusuna wa alƙali, ya sauka. Jin-tae yana gefe yana naɗe waya.

"Ka samu abin da kake so," in ji Dal-su.

"Na farkon ya yi kyau, Yaya. In kana so in tura maka."

"Riƙe kayanka."

A ƙarshen shekara ya kwashe iyalinsa daga gidan ƙungiya. Yanzu yana da shagon miyar kifi mai tebur shida kusa da tashar mota, matarsa na dafawa, shi yana kai kwano. Kofin bijimin yana kan firji. 'Yan ƙungiyar sukan zo cin abinci ranar Asabar, har yanzu Yaya suke ce masa, kuma ba sa fara ci sai ya ce su ci. An ce a filin atisaye Bong-gu ne babba yanzu, kuma ƙanana sun fara yi masa ɗage.

Jin-tae ya zo shagon sau ɗaya. Dal-su ya dire masa kwano har romo ya fantsama a tebur, ya koma bayan kanta. Jin-tae ya shanye miyar tas, ya ce gishiri ya yi yawa, ya fita yana jan ƙafa.