Sarki uku da tsaki ɗaya

Ni ba ɗan caca ba ne, Allah ya sani. Sau ɗaya tak na taɓa zama a teburin kartar da ake kira poka, a Xintang, garin wandon jins a ƙasar Sin. Ruwan sama ne ya tsare mu da rana a ma'aikatar wani laoban, wato maigidan wurin, wanda na shekara shida ina sarin kaya a hannunsa. Ni da abokina mutumin Maraɗi, wanda ya fi ni jin yarensu, muka zo duba kaya, washegari kuma za a tsayar da farashin kwantena guda. Bayan shayi sai laoban ya jawo karta, ya kira ƙaninsa, aka zube kuɗi a tsakiya.

"Alhaji da caca?" in ji mutumin Maraɗi. "Sai na kai labari Kano."

Ba kuɗin ne ya zaunar da ni ba, fuskata nake so in gwada. Tun a kasuwar Kwari ta Kano babanmu ya koya mana: in kaya ya yi maka, ɓata rai, ja tsaki, nemo masa aibu. Da wannan fuskar nake ci nake sha, da ita kuma zan shiga cinikin gobe. Na ce bari in ga ko tana aiki a karta ma.

Wasan ba wuya. Kowa a ba shi kati biyu ya ɓoye, a riƙa buɗe biyar a tsakiya. Wanda ya yarda da nasa ya ƙara kuɗi, wanda ya tsorata ya ajiye.

A zagaye na huɗu na ɗaga gefen katina, sai ga sarki biyu. Aka buɗe na tsakiya, ga na uku! Kai! Mutumin Maraɗi bai shiga wasan ba, yana bayana, ya leƙo.

"Zuba da yawa," ya ce da Hausa, yana kallon taga kamar zancen ruwa yake.

Na tsaya ina lissafi. In na zuba da yawa su razana su gudu, in kwashi ɗan abin da ke ƙasa. In na yi lamo su biyo ni har ƙarshe. To ni da na iya fuska, me zai sa in kore su? Na ɓata rai, na ja tsaki mai tsawo, na girgiza kai, na tura takarda ɗaya kamar an sa ni dole.

Ƙanin ya biyo ni. Laoban kuwa ya dube ni, ya kife katinsa, ya ture. Na ci, amma abin ya tsaya mini a rai, don da ya buɗe nasa daga baya, ba na yarwa ba ne. Na bar musu kuɗin, na ce wa mutumin Maraɗi, "Don Allah tambaye shi, me ya gani?"

Laoban ya tsuke baki ya ja tsakina, wallahi sak, har da girgiza kan. Sannan ya yi magana doguwa. Mutumin Maraɗi ya kau da kai, ya ƙi fassarawa.

"Faɗa mini mana, malam!"

"Ya ce in kaya bai yi maka ba, yabawa kake, ka yi godiya, ka wuce. In ka yi tsaki kuwa, sai ya ce wa ma'aikatansa su fara ɗaurewa, kuma ba ya rage ko sisi."

Kunya ta rufe ni, haushi ya biyo baya. Shekara shida ina komawa Kano ina cika baki a shago, wai ni na iya ciniki da mutanen Sin!

Washegari aka shimfiɗa mini baƙin jins a kan tebur. Kaya ya yi kyau, ba ƙarya. Na ji tsakin ya taho har bakina, na yi maza na haɗiye shi, na ce kaya ba laifi. Laoban ya gyaɗa kai, ya faɗa wa mutumin Maraɗi wani abu a hankali.

"Me kuma ya ce?"

"Ya ce ya ga lokacin da ka haɗiye."