Na Jira Ruwa a Cikin Waya

Karatuna na boko a aji huɗu ya tsaya, inda muka yi sallama da malamin lissafi cikin mutunci, kowa ya kama gabansa. Makarantar da na gama ita ce bakin kanal ɗin ban ruwa a Kura. Darasinta ɗaya ne: in ruwa bai zo gonarka ba, yau ranar wasu ce. Ka gyara fangalinka, ka yi shiru, ka jira.

Gonar da ke jikin tawa ta taubashina ce, ɗan ƙanwar babana. Tun muna samari bai taɓa wuce ni bai taɓa ni ba. "Tsoho, wannan albasa ce ko goriba?" Ni kuma in ce tumaturinsa ko akuya sai ta yi istigfari kafin ta ci. Da mai ɗakina ta rasu, yara suka watse birane, tsiyar nan ce kaɗai ke zuwa mini kan lokaci. Sai ƙafa ta kama shi, ɗansa ya kwashe shi zuwa Abuja. Kunnensa kuma ya yi nauyi, kiran waya ya zama ihu a banza.

'Yata, wadda ke aikin jinya a Kano, ita ta sa mu a wani dandali na waya. Ta ce wannan ba na kamfani guda ba ne. Zaure-zaure ne, kowane da mai kula da shi, amma maganar wannan zaure tana isa wancan. Na ce, to, unguwa ke nan, me ya kawo dogon bayani? Manhajar da aka fi amfani da ita rubutunta kamar jerin tururuwa, don haka ta saka mini wata mai manyan baƙaƙe, wadda wani bawan Allah ya haɗa shi kaɗai don ra'ayin kansa. Kullum in na dawo daga gona sai in tarar mutumina ya ajiye mini kasona. In zauna in haɗa baƙi, in rama.

Wata safiya na buɗe, sai wani zobe yana ta juyawa. Washegari ma haka. Ban damu ba. Na ce an karkatar da ruwan zuwa wasu zaurukan, namu na tafe. Har na yaba wa masu abin da adalci. Aka cire albasa, aka yi dashen shinkafa, zobe na juyawa. Nakan zauna gindin mangwaron da ke tsakanin gonakinmu, in dubi tasa da aka ba wani baƙo haya, mutum mai ladabi ƙwarai. Kullum sai ya rusuna ya gaishe ni. Ban taɓa jin gaisuwa mai nauyi irin tasa ba.

Aika saƙo ta hannun ɗansa kuwa, Allah ya kiyaye. Taubashi ya ce wa taubashi yana kewarsa? Gara a ce shinkafata ta yi ƙaiƙayi.

Da 'yata ta zo ganin gida, ta karɓi wayar ta duba.

"Baba, tun yaushe take haka?"

"Tun albasa. Layi nake bi."

"Wane layi kuma? Manhajar ce ta mutu, mai ita ya daina gyara ta."

"Allah ya jiƙanta. To ruwan fa?"

"Ruwa na nan, Baba, tiyonka ne ya toshe. Wani za ka jona."

Ta sauko da wata manhajar, ta shigar da ni zauren nan dai nawa. Sai ga saƙonnin mutumina suna zubowa. Na farko zagi ne mai kyau, mai gishiri. A tsakiya ya tambaya ko an binne ni ne ba a gaya masa ba, don ya zo cin gumba. Daga nan suka yi ta raguwa. Na ƙarshen kuwa cewa suke, "Baba yana gaishe ku, yana muku fatan alheri." Na ce wannan ba bakinsa ba ne. 'Yata ta bincika: idonsa ya bi kunnen, matar ɗansa ce ke rubuta masa, yarinya mai kunya, ba za ta iya rubuta wa dattijo tsiya ba.

Sabuwar manhajar tana ɗaukar murya. Na gyara zama na ce, "Makaho, ga mai goriba ya tashi daga kabari, ka dawo da gumbata." 'Yata ta ƙara da labarin layin da na yi ta bi, ni kuma na roƙi a manna masa wayar a kunne, a ƙure ƙara.

Amsar ta zo washegari. Tari ya fi maganar yawa. Amma a ƙarshe na ji shi sarai: "Tsohon banza. Har waya ma jiran ruwa kake mata?"

Na saurare shi a gindin mangwaro, na sake saurara. Baƙon ya zo wucewa, ya rusuna, ya ce lafiya, Baba? Na ce lafiya ƙalau, zagina ake yi.