Yalwa Mai Cindo da Kajinta

A Tabla, in kazarka ta ƙi kwanci, gidan Yalwa ake nuna maka. Ta fi shekara arba'in tana kiwon kaji da zabbi, kuma da taɓa ƙwai ta san wanda zai ƙyanƙyashe.

An haife ta da cindo, yatsa na shida a hannun hagu. Uwarta ta hana wanzami cire shi. Matan unguwa suka ce ai wani abu uwar ta taka tana da ciki, har ta rasu ana faɗin haka. Yalwa ta girma tana ɓoye hannun cikin zane. Wataƙila shi ya sa, duk ɗan tsakon da ya fito da yatsu biyar maimakon huɗu, ba ta sayar da shi. Sannu a hankali irinsu suka cika mata akurki.

Bara, bayan an gama yankan hatsi, Sa'adiyya, ɗiyar ƙanenta da ke karatun halittu a jami'ar Yamai, ta zo neman ƙwan waɗannan kaji.

"Mi za ki yi da su, ɗiyata?"

"Buɗe su zan yi, Gwaggo, in ga yadda ƙafa ke tsirowa."

Yalwa ta ɓata fuska. Sai da Sa'adiyya ta yi alkawarin mayar da ƙwan wurin uwarsa, sannan Yalwa ta zaro ɗaya mai kwana huɗu daga ƙarƙashin kaza. Sa'adiyya ta yanka 'yar taga a ɓawon, ta miƙa mata madubin ƙara girma. Ga jijiyoyi jajaye, ga zuciya tana bugawa, ga wasu 'yan tudu huɗu da ba su kai ƙwayar hatsi ba.

"Fukafukai da ƙafafu ke nan," in ji Sa'adiyya. "A gefen bayan kowane tudu akwai ɗan nama da ke aika saƙo. Inda saƙon ya yi ƙarfi wani yatsa ke fitowa, inda ya yi rauni wani dabam. In ɗan saƙon ya ɓullo ta gefen gaba ma, sai a samu ƙarin yatsa. Gadonsa ake yi."

"Ɗan Adam fa?"

"Kusan haka yake, Gwaggo. Ba sai uwa ta taka komi ba."

Yalwa ta daɗe tana duban hannunta.

"Shekara sittin ina riƙe da zancen nan a rai," ta ce. "Allah Ya jiƙan Inna. Ke kuma Allah Ya yi miki albarka, da ke da waɗanda sunka koya miki."

Sa'adiyya ta manne tagar da leda, aka mayar da ƙwan. Ba ta sa rai ba, don a wurin karatunsu ma ba kowane irinsa ke kaiwa ba. Amma Yalwa ta riƙa duba shi safe da yamma, tana gyara masa zama yadda tagar za ta dubi sama. Da kwana ashirin da ɗaya suka cika, tsakon ya fasa ɓawo.

Yanzu duk wata Yalwa tana jera ƙwai cikin ƙwarya da ƙaiƙayi, ta ba direban motar Filinge ya kai Yamai. In Sa'adiyya ta kira ta yi godiya, Yalwa ba ta barin ta ƙarasa. Tambayoyinta take jero mata, har da abin da ya sa ƙafar agwagwa ke da fata tsakanin yatsu.