Littafin Bokan da Ya Ɗaure Ruwan Sama

Jiya maƙwabciyata a nan Yamai ta jefa gabu cikin mai, ƙamshin ya tsallako katanga ya same ni zaune ni kaɗai. Ban tuna miya ba, littafi na tuna. Za ka ce ina ruwan busasshen ganyen albasa da littafi. To, wanda nake nufi a cikin tukunyar gabun kakata marigayiya nake ɓoye shi, don gara ba ta zuwa wurin, har kowace takarda tasa ta ɗauki ƙamshin.

Ƙauyenmu yana gindin wani tudun duwatsu, tafiyar hantsi ɗaya a kan jaki daga Tamaske. Da an kai dammunan hatsi rumbu sai maza su watse cin rani, wasu Sakkwato, wasu har Abijan. Gari ya rage daga mata sai yara sai tsofaffi. Da rana in ka tsaya bakin gari ba abin da kake ji sai sautin taɓarya daga nesa da kukan kurciya. Shekara biyu ko uku ke nan bayan babban fari, garken da suka saba tada hayaniya da maraice duk sun ƙare.

Ina da shekara goma sha biyu, kuma ni kaɗai ce aka rubuta lakwal, wato makarantar boko, a gidanmu. Faransanci ake koya mana, amma da ƙanen babana ya dawo daga Sakkwato da wani littafin Hausa da ya tsinta a tasha, ba bango, ba sunan mai shi, sai na ga baƙaƙen ɗaya ne. Na yi ta tuntuɓe kwana biyu, a na uku na ji harshenmu yana fitowa daga takarda. Ban taɓa sanin ana iya haka ba.

Labarin bokaye biyu ne da suka yi karatu wurin malami ɗaya, daga baya yaƙi ya raba su. Babban ya bi sarkin wani birni mai ganuwar ƙarfe, ƙaramin ya bi mutanen kwari. Babban yana watsa tsakuwa ta tashi ta zama mayaƙa, ƙaramin yana rikiɗa shaho ya leƙo asirin abokan gaba. Haka aka yi ta ɗauki ba daɗi, shafi bayan shafi.

Masu saurarona biyu ne. Na farko kakana, wanda idonsa ya fara dushewa, yana kirana matarsa kamar yadda kakanni ke yi wa jikoki wasa. Na biyu amininsa tun ƙuruciya, tsohon sojan nasara, wanda kowa ke kira Soja kawai. Matarsa ta rasu, ɗiyarsa ɗaya tana aure Madawa, shi kaɗai yake kwana a gidansa. Duk sa'o'insu sun riga su tafiya, su biyu suka rage. Ranar Alhamis da Lahadi, da ba lakwal, bayan azahar sukan shimfiɗa tabarma ƙarƙashin gawon ƙofar gidanmu, wanda ke cika da ganye a tsakiyar rani lokacin da sauran itatuwa suka tsiraice, in zauna tsakaninsu in buɗe littafin.

Na zauna da masu karatu a ƙasashe da yawa daga baya, amma ban ga masu katse mai karatu kamar waɗannan biyu ba. Soja bai yarda da yaƙin littafin ba ko kaɗan.

"Wanga mai rubutu bai taɓa ganin yaƙi ba," in ji shi. "Kwana arba'in ana faɗa, ba wanda cikinsa ya ɓaci, ba wanda ƙwarƙwata ta hana barci? Ina takalmin da ke cin ƙafa?"

"Yi mana shiru," in ji kakana. "Kai da bindigar wani ka yi naka. Waɗanga maza ne. Ci gaba, matata."

Kakana kuwa tsafin ne ya ɗauke masa hankali. Ya ce maganar tsakuwa ba sabon abu ba ne, kakansa ya ga mai yin irinta. Yakan tsayar da ni ya tambayi ko kwarin nan gabas yake ko yamma, ko ƙasar ja ce irin tamu. Haushin ƙaramin boka yake ji saboda sanyin jikinsa, har yakan buga sandarsa a ƙasa.

Wata Alhamis muka kai inda babban boka ya ga yaƙi ya ƙi ƙarewa, sai ya kira gizagizai ya tura su cikin gora ya toshe, ya binne. Shekara bakwai ko ɗigo bai sauka a kwari ba. Mai littafin ya faɗi yadda shanu ke tsayawa bakin rijiya ba sa ko kuka, da yadda mata ke tona gidan tururuwa neman ƙwayar hatsi. Na ɗaga kai na ga kakana ya sunkuya. A farin da ya wuce shanunsa suka ƙare, a ƙarshensa kuma kakata ta kwanta ba ta tashi ba. Ya ce a hankali, "Ashe an taɓa yi."

Soja ya ce, "Ba a taɓa yi ba. Gatana ce."

Sai na yi maka bayani a nan, don yaran yanzu ba za su ga abin faɗa ba. A wurinmu magana iri biyu ce. Akwai gatana, wato tatsuniya, ta mata da yara, kuma ba a yin ta da rana. Ana cewa mai yin ta da rana ɓata zai yi a daji. Akwai labari, abin da ya faru, shi ne na maza, ana yin sa a inuwa da rana tsaka. Takarda kuwa iri biyu muka sani, ta malamai da ta gwamnati, kuma ba a wasa da ko ɗaya. Don haka a ganin kakana duk abin da aka ɓata tawada aka rubuta, labari ne. In kuwa gatana ce, to shi dattijo mai furfura, mai tsayawa sahun gaba, ya yi wata biyu yana zaune ƙofar gida da rana yana sauraron abin da ake lallashin yara da shi.

Soja ya ce shi ya ga ƙasar da ake sayar da ƙarya a rubuce a tashar jirgin ƙasa, mutane da hankalinsu suna saye. Kakana ya ce wancan aikin nasara ne, wannan kuwa da Hausa aka rubuta, Musulmi ba zai yi haka ba. Da musun ya ƙi ƙarewa suka ce in kai wa mushe, malaminmu na lakwal, littafin ya raba gardama.

Mushe ya juya shafi uku ko huɗu, ya yi murmushi, ya ce wani ne ya zauna ya ƙaga shi daga kansa, kuma a Faransanci irin wannan littafi har sunansa gare shi. Na fito da gudu.

Kuskurena a nan yake, kuma na fi shekara arba'in ina juya shi. Da na jira kakana ya shiga ɗaki na faɗa masa mu biyu, da ya sami yadda zai janye da mutuncinsa. Amma ina ɗauke da sani, ina son a ga ni ce na kawo shi. Na same su ƙofar masallaci an fito la'asar, da sauran tsofaffi da samarin da ba su tafi cin rani ba, na ɗaga murya na ce mushe ya ce ƙagawa aka yi, ba boka, ba gora, ba kwari.

Soja ya tafa hannu. Ya juya wurin kakana ya rusuna, ya ce da muryar tsohuwa, "Ga ta nan, ga ta nanku!" Wurin ya fashe da dariya, har liman ya kau da kai yana danne tasa.

Kakana bai yi dariya ba. Ya miƙe a kan sandarsa ya ce, "Ni dai ina nan na binne tawa uwar da hannuna. Ban bar ta ta mutu tana kiran sunana ina can ina yi wa nasara gadi ba."

Kowa ya san haka aka yi, kuma shekara talatin ba wanda ya taɓa faɗa. Soja ya ɗauki takalmansa a hannu, bai ko sa su ba, ya bi ta kan duwatsu masu zafi ya tafi gida.

Alhamis ta zo, kakana ya shimfiɗa tabarma shi kaɗai. Bai ce in kawo littafi ba, ni ma ban kawo ba. Bazara ta shigo da zafinta, duwatsun tudu suna huci har bayan magariba. Yakan zauna fuskarsa na kallon lungun da Soja ke fitowa, in ya ji takun mutum ya gyara zama, in takun ya wuce ya koma jan carbi.

Wata rana ina dawowa daga rijiya Soja ya kira ni daga zaurensa. Ya rame, yana tari.

"Ke, matar mai taurin kai. Ina littahin?"

Na ce, "Ba kai ka ce ƙarya ne ba?"

"Na ce ƙarya ne. Na ce maki ba daɗi?"

Haka na koma karanta masa shi kaɗai. Bai ƙara katse ni ba, kuma karatun ya zama wani iri, kamar tuwo ba miya. A ƙarshen littafin ba tsafi ne ya ci yaƙin ba. Babban boka ya ratsa kwari cikin ɓad da kama don ya ga aikinsa, ƙishirwa ta kayar da shi, wata tsohuwa ta ba shi ɗan ruwan da ya rage mata. Shi da kansa ya je ya tono goran ya fasa. Soja ya share ido da hular kansa ya ce, "Ki ce ma shi an saki ruwan."

Na kai saƙo. Kakana ya ce, "In yana da magana ya zo ya faɗa da bakinsa." Na mayar. Soja ya ce ƙarami ke zuwa wurin babba. Matsalar ita ce rana ɗaya aka yi musu kaciya, kuma tun suna yara kowannensu ke cewa shi ne babba. Iyayen da za su raba wannan gardama sun daɗe a ƙasa. Na yi ta kai da kawowa tsakanin gida biyu da ba su fi taku ɗari ba, kowanne yana tambayata ko ɗayan ya ci abinci.

Kafin su gama jan rai tarin Soja ya yi tsanani. Surukinsa ya zo da amalanke da sassafe ya ɗauke shi zuwa bakin hanya, daga nan mota ta kai shi likita a Madawa. Sai da hantsi kakana ya ji. Ya ce in ja masa sanda, muka fita har bayan gari, ya tsaya yana kallon hanyar da ba ya iya gani. Mako uku bayan haka, ranar da aka fita shuka bayan ruwan farko, labarin rasuwar ya iso.

Da aka share makoki kakana ya ce in ɗauko littafin. Gawo ya riga ya zubar da ganye kamar yadda yake yi da damina, ba inuwa, amma nan ya ce a shimfiɗa, da rana, kowa na wucewa gona yana ganinmu. Na karanta masa daga inda muka tsaya har ƙarshe. Bai tambayi gabas ko yamma ba. Da na rufe ya ce, "Ƙarya ce. Amma mai ƙaryar nan ya san ƙishirwa." Ya ɗan karkata kai gefen hagu, inda Soja kan zauna, kamar mai jiran a musa masa. Ba wanda ya musa.

Aikin ungozoma ya kai ni wurare da yawa, Dakar, Wagadugu, har ƙasar nasaran da Soja yake faɗa. Na ga ko'ina mutane suna da wurin ajiye irin wannan littafi a ransu, ba sa kiransa gaskiya, ba sa jin kunyarsa. Mu ma yanzu mun samu, muna cewa ƙagaggen labari, dattijo ya karanta a mota ba mai dubansa. Jikata takan nuna mini a wayarta yadda dubban mutane ke faɗin ra'ayinsu kan littattafan bokaye da yaƙi, wannan ya yaba, wancan ya zaga, ba wanda ya san fuskar wani, kowa ya kashe waya ya ci abincinsa. Ba mai rasa amini a kan haka, kuma na san wannan ci gaba ne. Ni ma ina karatu har yanzu, da harshe uku, kuma in na gama littafi bakina cike yake da magana. Sai dai a duk garin nan ba ni da mutum ɗaya da zan faɗa wa ra'ayina ransa ya ɓaci.